Reza Ɗaya, Mutum Ɗaya: Darasi Kan Yankan Farce da Lafiyar Ƙafa

Zuwa ga jama'ar Zangon Wagadugu, da 'yan kasuwa, da masu yankan farce, da duk mai bin hanyar Wagadugu zuwa Yamai, Maraɗi, Kano ko Kumasi. 

Gabatarwa

Unguwar Zangouettin, wadda Hausawa ke kira Zango, ta samo sunanta daga fataken da ke sauka a tsakiyar Wagadugu tun zamanin fataucin goro. A 2003 aikin sake gina tsakiyar birni da ake kira ZACA ya tashi unguwar, aka ba mutanenta filaye a Nioko da kuma gefen Waga 2000. Gidaje sun watse, amma sana'o'in Zango suna nan. Ɗaya daga cikinsu ita ce yankan farce. Har yau za ka ji ƙarar almakashi a bakin Babban Masallaci, da kewayen kasuwar Rood Woko, da tashoshin mota, inda samari, da yawansu 'yan ci-rani, ke zagayawa da almakashi da 'yar wuƙa da soso da ruwan kumfa a gora. Mata kuma suna zuwa shagunan gyaran jiki, inda ake jiƙa ƙafa a roba, a goge kaushi, a gyara farce kafin a sa lalle.

Sana'a ce ta halal, kuma tsafta ce. Yanke farce yana cikin sunnonin fiɗira, har hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Sahihu Muslim ya iyakance kwana arba'in, kada a bar farce ya wuce su ba a yanke ba. Saboda haka wannan darasi bai zo don ya hana kowa neman abincinsa ba. Abu ɗaya yake son ya tabbatar a zuciyar mai karatu: ƙarfen da ya taɓa jinin wani kada ya taɓa jikinka sai an tsarkake shi yadda ya kamata. Daga nan sai mu bi matsalolin farcen ƙafa ɗaya bayan ɗaya, da abin da ake yi wa kowace.

Kashi na ɗaya: Yadda cuta ke shiga

Fata garkuwar jiki ce. Muddin tana rufe, yawancin ƙwayoyin cuta ba su da hanyar shiga. A gindin kowane farce akwai wata siririyar fata da ta manne da shi, wadda ke rufe tsakanin farce da tsoka kamar yadda ake liƙe bakin tulu. Mai yankan farce yakan kankare wannan fata da wuƙa don farce ya yi kyan gani, yakan kuma zura bakin almakashi cikin kusurwar farce don ya ciro datti. A nan ake samun rauni. Wani lokaci jini ya fito a gani, wani lokaci kuma ƙanƙantar raunin ta sa ba a ganin komai, sai ɗan zafi idan ruwan sabulu ya taɓa wurin.

Wannan ɗan jini yana maƙalewa a bakin wuƙa, da mahaɗar almakashi, da cikin soso. Idan mai yanka ya goge ƙarfen da tsumma ya juya ga mutum na gaba, ya kai masa abin da ke cikin jinin na farko. Shi mai sana'ar ma bai tsira ba, domin yana riƙe ƙafafun mutane da yawa a yini, kuma yakan yanki yatsansa. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kashi na biyu: Cututtukan da ke bin ƙarfe

*Ciwon hanta nau'in B.* Shi ne babban abin tsoro. Ƙwayarsa tana iya zama da rai a busasshen jini, a kan ƙarfe, har kwana 7 ko fiye, kuma ta fi ƙwayar sida saurin kama mutum nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a duniya, kuma ta yi sanadin mutuwar kimanin miliyan 1.1 a wannan shekarar, galibi ta hanyar ƙeƙashewar hanta da sankarar hanta. A Burkina Faso, gwajin da aka yi wa jinin da aka tara a faɗin ƙasa a 2010 ya nuna kimanin kashi 9 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita. Ma'ana, idan mai yanka ya yi wa mutum goma sha ɗaya aiki, akwai yiwuwar ɗaya daga cikinsu yana da ita. Mafi yawan masu ita ba su sani ba, domin takan yi shekaru ba ta nuna alama. Ba dole sai ido ya yi shawara ba. A yankinmu yawancin masu ɗauke da ita sun same ta ne lokacin haihuwa ko suna ƙanana, amma reza da aska da almakashi hanya ce da ke hannunmu, kuma muna iya toshe ta yau.

*Ciwon hanta nau'in C.* Shi ma ta jini yake bi. Ba shi da allurar rigakafi, amma yanzu akwai ƙwayoyin da ke warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 na masu shi a cikin mako 12 zuwa 24, idan an gano shi.

*Sida, wato ƙanjamau.* Ƙwayarta ba ta daɗewa a wajen jiki, don haka hatsarinta ta hanyar yankan farce kaɗan ne idan aka gwada da ciwon hanta. Duk da haka, ƙarfen da ke da ɗanyen jini abin gudu ne.

*Sarƙewar haƙora, wadda likitoci ke kira tetanos.* Ƙwayarta tana cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi. Ƙafa ce ta fi kusa da ƙasa, kuma rauni a yatsa, ko da ƙarami ne, ya isa ya zama ƙofa. Shafa ƙasa ko toka ko kashin shanu a rauni yana ƙara wannan hatsari.

*Ƙwayoyin da ke sa mugunya.* Su ne ke kumbura gefen farce, ya yi ja, ya yi zogi, ya tara ruwa. Idan aka yi sakaci sukan nutsa cikin tsoka, wani lokaci har ƙashi.

*Ƙwayoyin da ke cin fata da farce.* Dangin waɗanda ke haddasa makero ne. Suna bin robar jiƙa ƙafa, da tawul, da dutsen goge kaushi, da jiƙaƙƙen daɓe. Ruwan jiƙa ƙafa yana iya ɗaukar wasu ƙwayoyin ma. A shekarar 2000, a jihar Kalifoniya ta Amurka, fiye da mutum 100 sun yi fama da marurai a ƙwauri bayan sun sa ƙafa a bahon wani shagon gyaran farce da ba a wanke matatarsa. An gano cewa waɗanda suka aske gashin ƙafa kafin su je sun fi kamuwa, saboda ƙananan raunukan da reza ta bari.

Kashi na uku: Abin da mai zuwa yankan farce zai yi

1. Ka mallaki abin yankan farcenka, kamar yadda ka mallaki asuwakinka. Ka sa shi a aljihu ko a jakar tafiya. Idan kana son gwanintar mai yanka, ka miƙa masa naka ya yi maka da shi, ka biya shi ladansa cikakke.
2. Idan da reza za a yi, a ɓare sabuwa a gabanka, a jefar da ita bayan an gama inda yara ba za su tsinta ba.
3. Ka hana a kankare fatar gindin farce, ka hana a tone kusurwa. Kyan da ake samu na kwana biyu ne.
4. Kada a sa reza a yanke kaushi ko faso. A jiƙa, a goge a hankali da dutsen da yake naka.
5. Uwargida da amarya: idan za ki shago, ki dubi robar. A zubar da ruwan wadda ta riga ki, a wanke da sabulu da ruwan jabel, a zuba sabo. Ki tafi da tawul ɗinki. Kada ki aske ƙafa ana gobe za ki, kuma idan akwai ƙurji ko rauni a ƙafarki, ki ɗaga zuwa har ya warke.
6. A gida ma haka ne. Miji da mata da 'ya'ya kada su yi tarayya a reza, musamman idan akwai mai ciwon hanta a gidan. Cin abinci a kwano ɗaya, da musafaha, da zama tare, ba sa yaɗa nau'in B ko C, don haka babu dalilin ƙyamar mai shi.

Kashi na huɗu: Abin da mai sana'a zai yi

Goge ƙarfe da tsumma, ko tsoma shi cikin ruwan kumfa, ko shafa masa lemun tsami ko kananzir, ko gilma shi a wutar ashana sau ɗaya, duk ba su isa ba. Ga hanyar da ta dace, bi da bi:

1. A wanke ƙarfen da sabulu da buroshi, a buɗe almakashi a goge mahaɗarsa, har sai babu datti ko jini. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya aiki sosai a kan datti.
2. A nutsa shi gaba ɗaya cikin ruwan jabel na tsawon minti 10. Idan an rubuta 12° a jikin gorar, a zuba awo ɗaya na jabel cikin awo shida na ruwa. Idan 8° ne, awo ɗaya cikin awo huɗu. A haɗa sabo kowace safiya, a rufe shi, a kare shi daga rana, kuma kada a gauraya shi da wani sinadari.
3. A ɗauraye da ruwa mai tsafta, a busar nan take, domin jabel yana sa ƙarfe tsatsa idan ya daɗe a ciki.
4. Da yamma a tafasa dukan kayan ƙarfe a tukunya mai murfi, minti 20 daga lokacin da ruwan ya fara tafasa. A adana su a gwangwani mai tsafta.

Wanda ke da almakashi ɗaya ba zai iya bin wannan tsari ba alhali wani yana jira. Don haka a nemi biyu ko uku: ɗaya yana aiki, ɗaya yana cikin jabel. A bar yin amfani da soso ɗaya ga kowa; auduga ko ƙyalle mai tsafta da za a jefar ya fi. A wanke hannu tsakanin mutum da mutum. Idan akwai rauni a yatsanka, ka rufe shi da filasta kafin ka fara aiki. Idan ka ga farce mai mugunya, ko gyambo, ko yatsan da ya yi baƙi, ka ce wa mai shi: "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan aikin likita ne." Wannan magana ba za ta rage maka ciniki ba. Mai tsafta shi ake nema, shi ake nuna wa baƙo.

Kashi na biyar: Matsalolin farcen ƙafa

Farcen ƙafa yana tsiro a hankali, kimanin milimita ɗaya da rabi a wata. Idan ya fita gaba ɗaya yakan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya mayar da kansa. Wannan ya sa jinyarsa take buƙatar haƙuri.

*Farce mai shiga tsoka.* Ya fi samun babban yatsa. Sababinsa yanke farce can ƙasa, da zagaye kusurwarsa, da matsattsen takalmi. Idan an yanke kusurwa, tsokar gefe takan rufe wurin, sai farcen ya tsiro ya soke ta. Rigakafinsa a yanke farce a miƙe, daidai da bakin yatsa, a bar kusurwoyinsa suna bayyane, a goge kaifinsu kawai. Idan ya fara zafi amma babu mugunya, a jiƙa ƙafa a ruwa mai ɗumi da ɗan gishiri minti 15, sau biyu ko uku a yini, a busar, a sa buɗaɗɗen takalmi. Kada a tone shi da reza ko allura. Idan ya yi kwana uku bai yi sauƙi ba, ko ya yi mugunya, ko tsoka ta tsiro a gefensa, a je asibiti. A can za a kashe zafin wurin da allura a cire gefen farcen, aiki ne na ɗan lokaci.

*Kumburin gefen farce.* Idan ja da zafi ne kawai, jiƙawa a ruwan ɗumi takan wadatar. Idan ya tara mugunya, ma'aikacin lafiya ne zai fasa shi da kaya masu tsafta. Kada a fasa kafso a barbaɗa garinsa a wurin, kada kuma a sayi maganin kan titi, wanda ya sha rana kuma ba a san asalinsa ba.

*Farce mai kauri da ruɓewa.* Farce ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa ko ƙasa-ƙasa, yana marmashewa. Sau da yawa yana farawa ne daga cin ruwa a tsakanin yatsu. Man shafawa kaɗai ba kasafai yake warkar da shi ba. Likita yakan ba da ƙwayar sha, irin su terbinafin, na kimanin wata uku, kuma ko bayan ƙwayar cutar ta mutu sai sabon farce ya tsiro kafin a ga bambanci. Wannan magani yana bi ta hanta, saboda haka mai ciwon hanta ya faɗa wa likita, kuma kada kowa ya saya da kansa. Rufe irin wannan farce da fenti ko farcen roba ɓoye cuta ne kawai.

*Cin ruwa.* Tsakanin yatsu ya yi fari, ya jiƙe, yana ƙaiƙayi, yana tsagewa. Ya fi yawa da damina, da ga masu wanki, da masu yini cikin rufaffen takalmi. Bayan alwala da wanka a tsane tsakanin yatsu sosai, musamman kafin a sa safa. A canza safa kullum, a shanya takalmi a rana. Akwai man shafawa a shagon magani na hukuma, ana shafa shi na makonni kamar yadda aka umarta, ko da ƙaiƙayin ya daina.

*Faso da kaushi.* Da hunturu diddige yakan tsage har ya yi jini, kuma kowace tsaga ƙofa ce. A wanke ƙafa da dare, a shafa man kaɗe, amma ban da tsakanin yatsu. Takalmi mai rufe diddige ya fi silifa.

*Baƙin farce.* Tuntuɓe, ko faɗuwar kaya, ko hatsarin babur ga mai sanye da silifa, yana tara jini a ƙarƙashin farce. Wannan baƙi yana tafiya gaba tare da tsiron farce har ya fita. Idan zogin ya yi tsanani ko ana zaton karaya, a je asibiti, kada a fizge farcen. Amma baƙin da ya bayyana ba tare da an buge ba, wanda ke faɗaɗa, ko ya tsallaka zuwa fata, ko ya ƙi warkewa, a kai shi ga likita da wuri. Akwai sankarar fata da ke fara wa baƙar fata a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce. Ita ce ta kama mawaƙin Jamaika Bob Marley a yatsan ƙafa a 1977, aka fara ɗaukar ta raunin ƙwallo, ta yi ajalinsa a 1981.

Kashi na shida: Gargaɗi ga masu ciwon sukari

Ciwon sukari yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa, yana kuma rage gudun jini. Mai shi yana iya samun rauni bai ji ba, raunin ya ƙi warkewa, ya zama gyambo, har ya kai ga yanke yatsa ko ƙafa. Saboda haka mai ciwon sukari kada ya miƙa ƙafarsa ga mai yanka a titi ko a shago. Ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowace rana. Idan ido ya raunana, ɗa ko jika ya duba masa. Kada ya yi tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida, kuma ya kula da zafin daɓen masallaci da rana. Ya zazzage takalmi kafin ya sa. Kada ya jiƙa ƙafa a ruwan zafi. Duk raunin da ya gani, komai ƙanƙantarsa, ya nuna wa ma'aikacin lafiya a ranar ko washegari.

Kashi na bakwai: Idan an yanke ka

Ka wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ka sa maganin rauni, ka rufe da filasta mai tsafta. Idan ƙarfen an yi wa wani aiki da shi ba a tsarkake ba, ka je cibiyar lafiya a ranar. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ta fi amfani idan an yi ta cikin awa 24. Maganin kariya daga sida, idan likita ya ga da buƙata, ana fara shi ne kafin awa 72 su cika. Ka kuma tambaya game da allurar tetanos.

Alamun da ba a kwana da su a gida su ne: ja da kumburi suna hawa saman ƙafa, jan layi yana bin ƙwauri, kaluluwa a matsematsi, zazzaɓi, wari daga rauni, yatsa ya yi baƙi ko ya yi sanyi, ko muƙamuƙi ya fara ƙin buɗewa. A fara da cibiyar lafiya ta unguwa, wato CSPS. Idan abin ya fi ƙarfinta za ta tura zuwa CMA ko babban asibiti kamar Yalgado Ouédraogo. Matafiyi kada ya ce sai ya koma gida. Ya nemi asibitin garin da yake.

Kashi na takwas: Gwaji da rigakafi

Burkina Faso ta sa rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin alluran yara a 2006. Wanda aka haifa kafin wannan shekara, galibi bai samu ba. Babba yana iya karɓa: allura uku, ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida da ta farko. Kafin nan a yi gwajin jini, wanda ɗigo kaɗan ya isa. Wanda aka samu da cutar kada ya yanke ƙauna: akwai maganin da ke danne ƙwayar ya kare hanta, kuma sanin halinsa zai sa a gwada iyalinsa a yi musu rigakafi. Mace mai ciki ta nemi gwajin a wurin awo, domin a kare jaririnta tun ranar haihuwa. Masu yankan farce da wanzamai da masu shagon gyaran jiki su ne ya kamata su fara shiga layi. Ranar 28 ga Yuli ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya. A saurari sanarwar wuraren gwaji a lokacin.

Tambayoyin bita

1. Kwana nawa ƙwayar ciwon hanta nau'in B ke iya rayuwa a busasshen jini?
2. Me ya sa ba a kankare fatar gindin farce?
3. Yaya ake haɗa ruwan jabel, kuma minti nawa ƙarfe ke yi a cikinsa?
4. Yaya ake yanke farcen ƙafa don kada ya shiga tsoka?
5. Waɗanne alamu ne ke sa a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba?

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, a majalisa, da zaure, da tasha, da wurin biki. A kuma karanta wa mai yankan farcen unguwa cikin mutunci, domin lafiyarsa da taku a haɗe suke. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.